Gashin da Iwao Ya Zo Roƙo

Ranar da Iwao Nagahora ya tako ƙofar gidana, ina tsugune a tsakar gida ina shanya ganyen teku, hannuna duk gishiri. Rabonsa da layinmu har na manta. Ko ranar jana'izar mijina, da aka ƙone gawarsa bisa al'adarmu, fure ya aiko, da sunansa a jiki da manyan baƙaƙe don kowa ya gani, shi kuwa ko ƙeyarsa ba mu gani ba. Sai ga shi yau cikin baƙar kwat, kwalin alewa a hannu ɗaya, kwalbar giyar shinkafa a ɗaya, yana washe baki kamar jiya muka rabu.

"Tokie, ƙanwata, sannu da aiki."

Na ce, "A'a, Shugaba da kansa? Mota ce ta mutu maka a unguwar talakawa?"

Ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba, ya tuɓe takalmi, ya wuce kai tsaye gaban hoton mijina Sakuzo, ya durƙusa ya kunna turare, ya haɗa tafuka, ya daɗe kansa a sunkuye. Na tsaya ina kallon bayan wuyansa, ga butar shayi tana tafasa kusa da hannuna. Na dai daure na zuba masa a kofi, tunda baƙo ne.

Sai da ya yi maganar sanyi, ya yi maganar tsadar mai, ya tambayi ciwon gwiwata, sannan ya zo inda za shi. Ya gina sabon jirgi, abin da duk garin Otoura ya sani, tunda ga shi can a bakin tashar jiragen ruwa ya tsone wa kowa ido. Za a saka shi a ruwa kafin a buɗe kamun babban kifin nan tuna na bana.

"Tsoho Denkichi kafinta ya ce na tsohon jirgi ba ya ƙaura," in ji shi, idonsa a cikin kofi. "Wai sai an yanko sabo, daga kan da aka yanko na farko. Kin dai gane."

Na gane sarai. Gashina ya zo roƙo.

A nan wurinmu jirgi ba ya taɓa ruwa sai kafinta ya fafe ɗan rami a gindin sitiyari ya ajiye wa Funadama, uwar jirgi, kayanta: 'yan tsabar kuɗi, ƙwayoyin hatsi, da gashin mace mai rai wadda ta miƙa da hannunta. Yawanci na matar mai jirgi ake sawa. Idan kamu ya yi ta ƙi, sai a ce uwar ta gaji, a cire a nemo wani. Ladan mai gashi shi ne yankan ciki na kifin farko, inda naman ya fi maiƙo, duk shekara, a kai mata har gida.

Iwao da mijina tare suka taso, tare suka koyi ɗaurin ƙugiya. Da Iwao ya sayi jirginsa na farko, sai ya yi ta fita yana dawowa da ƙanƙarar sanyaya kifinsa yadda ya tafi da ita, har mutane suka fara kauce masa da safe kada ya shafa musu. Sakuzo ne, da bakinsa mai saurin alheri, ya ce masa, "Cire na matarka ka sa na Tokie mana. Ni jirgina bai taɓa dawowa fayau ba." A wannan ɗakin na zauna, na kamo gashi daga bayan kunne na datse na miƙa wa Iwao. Har hawaye ya yi.

Ni ban taɓa yarda gashina yana kiran kifi ba. Gashi ne, da sabulu nake wanke shi kamar na kowa. Amma daga wannan shekarar tuna suka riƙa bin Iwao kamar kaji sun ga mai tsaba. Daga fatsa ya koma mamari, doguwar igiya mai ƙugiyoyi barkatai, daga mamari ya koma babban jirgin taru, irin wanda ke zagaye garken kifi ya kwashe uwa da 'ya'ya. Yankan cikin da yake kawowa da kansa ya koma direbansa ke kawowa, daga baya ya koma babu.

Sai gwamnati ta zo da dokar kaso. Tuna ta yi ƙaranci, ƙasashe suka zauna suka raba, aka ce ga iya nauyin da yankinmu zai kama a shekara, in an cika a tsaya. Masu fatsa irin mijina ba su yi gardama ba, su da suke kama ɗaya-ɗaya. A shekarar farko tarun Iwao ya faɗa kan garken ƙanana, ya kwasa, ya koma ya sake kwasa, ana kiransa a rediyo ana cewa an cika, yana yin kunnen uwar shegu. Shi kaɗai ya ninka kason yankin gaba ɗaya. Da hukunci ya zo bai ce Iwao ba, ya ce Otoura. Aka rufe mana kamun tuna, shekara da shekaru ana cire abin da ya zarce daga kasonmu.

A cikin shekarun rufin ne Sakuzo ya fita neman ƙananan kifi, sai kifin da ya yi rayuwarsa yana jira ya haɗiye ƙugiyarsa. Ya ce ya jawo shi har gefen jirgi, ya ga faɗin bayansa kamar na bijimi, ya ga idonsa. Ya zaro wuƙa ya yanke igiya da hannunsa, don doka ta ce a saki. Ya dawo gida da guntun igiyar a aljihu, ya ajiye a kan tebur, ya zauna yana kallonta har abinci ya huce. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba, ban kuma taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani Iwao ba.

Muka ce in an buɗe za a huta. Ashe cin amanar na gaba. Kafin a buɗe, Iwao ya zama shugaban ƙungiyar masunta da ƙuri'un waɗanda suke sayen ƙanƙara da mai a hannunsa, ya kawo sabon tsarin rabo: kowa a ba shi gwargwadon abin da ya saba kamawa a baya. Wato ɓarnar da ya yi ita ta zama shaidarsa. Ya ɗauke tsoka ya bar wa masu fatsa ƙashi. Ya ƙara da cewa duk jirgin da ya yi shekara uku bai sauke tuna ba, kasonsa ya koma hannun ƙungiya, kowa kuma ya san aljihun wa ake kira ƙungiya. Sakuzo ya je ofishinsa don su yi magana ta abokai, aka bar shi a kan benci har aka tashi aiki. Ba a daɗe ba ya yanke jiki ya faɗi a bakin tasha, ɓarin jikinsa ya shanye, ya kwanta yana kallon rufi har ya tafi.

Jirginsa na nan ɗaure, shekara biyu ke nan, bana ce ta uku. 'Yarmu Chinami ta ajiye aikinta a birni, ta shiga makarantar horar da masunta da gwamnati ta buɗe don an rasa matasa a sana'ar. Ta fito da takardar tuƙi da ta rediyo, ta iya soke kifi a ka, ta tsiyaye jininsa, ta sanyaya shi kafin nama ya ƙone. Abu ɗaya ya rage mata, ƙungiya ta karɓe ta a matsayin mai jirgi. Ta je gaban Iwao, ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "'Yata, ba ni na ƙi ba. Funadama mace ce, ba ta son wata mace a jirgi. Al'ada ce, ba ni na kawo ta ba." Yarinyar nan ta dawo ta shige banɗaki ta kunna famfo don kada in ji kukanta, na kuwa ji.

To wannan mutumin ne zaune a kan tabarmata, yana shan shayina, yana roƙon gashi.

Na ce, "Ashe har yanzu kana tsoron al'ada, Shugaba. Na ɗauka injin gano kifi ya ishe ka."

"Ba don ni ba ne," ya ce. "Morihei ne. Kin san halinsa."

Na san shi. Morihei shi ne jagoran kamu a jiragen Iwao, shi ke cewa a jefa taru nan ko can, in babu shi Iwao ko kifin da ke cikin kwano ba zai kama ba. Mutum ne da in cokali ya faɗa ruwa daga jirgi sai ya juya gida. Ya rantse ba zai taka sabon jirgi ba sai da gashin da ya san sa'arsa.

Na ce, "To Chinami fa?"

Ya sosa ƙeya. "Wannan ai maganar kwamiti ce."

"Kwamitin kai ne da 'yan amshin shatanka. Gashin nan ma maganar kwamiti ce. Bari in tara su, ni da mataji da almakashi, mu ga abin da za su ce."

"Haba Tokie, bakin nan naki bai tsufa ba."

"Shi kaɗai ka bar mini."

Ya juya kofi a hannu, ina ganin dabara tana tafiya a fuskarsa. Babban jami'in kamun kifi na jiha zai zo bikin saka jirgi, gwamnati kuwa tana yaba wa duk tashar da ta jawo matasa da mata. Ya ɗago ya ce shi ke nan, zai sanar a gaban jama'a, ya buga hatimin ƙungiya a gaban jami'in, ni kuma in kawo gashi ranar.

Na ce, "Kai za ka fara."

"Ba ki yarda da ni ba ne?"

Na nuna masa hoton. "Wancan ya yarda da kai."

Na yi masa alkawari, na rako shi har ƙofa, na rusuna kamar yadda aka koya mini. Yana shan kwana na juye giyarsa a kwata, alewar na watsa wa hankaki. Kwalin dai na goge na ajiye, don mai kyau ne.

Ana gobe biki na tafi wurin Denkichi da hantsi. Shi ne kafintan jirgi na ƙarshe da ya rage a garin, tsoho ne tukuf, kunnensa kuma yana jin abin da ya ga dama ne kawai. Na same shi yana wasa kurfi, ƙarfen da yake fafe katako da shi.

"Baba, in mai gashi ta ce a mayar mata da abinta fa?"

Ya ci gaba da wasa kurfinsa. "A gaban shaidu? Sai a mayar. Sau ɗaya na taɓa gani, ina ƙarami, ubana ya cire."

"Jirgin fa?"

"Ya zama akwati. Ba a sake saka masa uwa sai sabuwar shekara ta kama." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Ke Tokie, me kike dafawa?"

"Jirgin Sakuzo zai sake mai shi, yana bukatar sabon gashi. Yau nake so ka saka."

"Ni aikina sakawa da cirewa. Ba na tambaya, ba na faɗa."

Na koma gida na shimfiɗa farar takarda, na zauna, na miƙa wa Chinami almakashi da aska. Na gaya mata abin da zan yi. Ta riƙe almakashin kamar na ba ta maciji.

"Inna, mutumin nan ya riga ya yarda. Ki ba shi 'yan silin gashi mu huta mana. In ya fusata ya janye fa?"

"A gaban jami'in jiha, bayan ya buga hatimi? Ya fi son sunansa da haka."

"In kuma ya bi ta wata hanya ya tare ni?"

"Zai tare ki ko na ba shi ko ban ba shi ba. Gara ya tare ki hannunsa a karye."

"Ni jirgin Baba kawai nake so ya tsira."

Na ce, "Ke jirgi kike so. Ni ina son jirgin, ina kuma son in ga fuskarsa. Yanka."

Ta yanka tana kuka. Gashina ya kai gadon baya a lokacin, furfura ta ci rabinsa, Sakuzo ne ya hana ni rage shi tun muna saurayi da budurwa. Ina jin yana zuba a kan takarda, zuciyata ko gezau. Da ta gama na shafa kaina na ji shi sumul, na ɗaura ɗankwali, muka ɗauki ƙunshin zuwa jirgi. Denkichi ya auna shi a hannu ya ce, "Duka? Ramin ba zai ɗauka ba." Na ce ya faɗaɗa shi.

Ranar biki garin ya cika. An lulluɓe sabon jirgin da tutocin babban kamu, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, har ba a ganin ƙarfensa. Ga mai addu'a daga wurin bauta da farar rigarsa, ga dillalan kifi daga birni da takalmansu masu sheƙi, ga jami'in jiha an ba shi kujera a gaba. Masu fatsa sun zo, don ba a ƙin zuwa bikin jirgi, amma sun tsaya can baya hannuwa a harɗe. Matansu kuwa sun matso gaba don wawason curin shinkafar da za a watso daga saman jirgi. Morihei na tsaye a gindin tsani da sabon tawul a wuya, sai duban hanyar da zan ɓullo yake.

Iwao ya karɓi lasifika ya yi ta zuba. Ya yi maganar kiyaye teku don jikoki, shi da ya kwashe 'ya'yan kifi da taru. Ya yi maganar abokinsa marigayi Sakuzo har muryarsa na rawa. Sannan ya ce zamani ya canja, tashar Otoura tana alfahari da karɓar mace ta farko mai jirgin tuna. Ya kira Chinami, ya buga hatimi, jami'in ya sa hannu a matsayin shaida, aka ɗora mata hular ƙungiya, mai hoto ya ɗauka, aka yi tafi. Na jira sai da na ga takardar ta shiga cikin rigarta.

Sai aka ce mai gashi ta fito. Na tako a hankali da farin ƙunshi a tafukana biyu, na rusuna, na miƙa wa Iwao, shi kuma ya miƙa wa Denkichi. Ƙa'ida ce kafinta ya buɗe ya gani kafin ya hau da shi. Tsohon ya warware takarda, ya tsaya, ya ɗago abin da ke ciki da yatsu biyu.

Morihei ya matso ya leƙa. "Wannan ai igiyar fatsa ce."

Na ce da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Ta Sakuzo ce. Ita ya yanke ranar da ya saki kifinsa, don a biya abin da Shugaba ya kwasa. Ku saka wa jirgin, ita ta dace da shi."

Iwao ya kashe lasifika ya matso kusa da ni yana murmushi don mutane, yana magana ta tsakanin haƙora. "Tokie, bar wasan nan. Ina gashin?"

Na kwance ɗankwali na riƙe a hannu. Iska ta bugi fatar kaina, na ji wata mata ta ce "Wayyo!" a bayana.

"Kin yi mini alkawari!"

"Na yi, na kuma karya. Guda ɗaya ke nan. Kai naka nawa ne?"

Ya manta da jami'i, ya manta da mai hoto, ya ɗaga murya. "Ina kika kai shi?"

"Yana jirgin 'yata, duka, ko sili ban rage ba."

"To sai ki jira ki gani! Na gaya mata, uwar jirgi ba ta zama da mace. Ke za ki jawo mata!"

Na ce, "Gashina ne a ciki, Iwao. Ni zan yi kishi da 'yar da na haifa?"

Matan nan suka kwashe da dariya, wata har da tafi. Ban bari ta lafa ba, na juya wurin Denkichi na ce, "Baba, ga shaidu sun cika tasha. Akwai gashina a tsohon jirgin Nagahora. Na bayar da hannuna, yau na ce a mayar mini da abina."

Tsohon da kunnensa ba ya ji, ranar ya ji tun kafin in rufe baki. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya nufi tsohon jirgin. Iwao ya sha gabansa, Denkichi ya tsaya ya dube shi kawai, masu fatsa kuma suka fara matsowa daga baya. Sai Shugaba ya ba da hanya. Muna tsaye muna jin bugun guduma daga ɗakin tuƙi. Da ya fito ya ɗora mini ɗan ƙunshin da ya yi baƙi don tsufa, na buɗe na ga gashin yarinyar da na taɓa zama, baƙi wuluk, ko furfura ɗaya babu.

Iwao ya waiga wurin mata, idonsa na yawo daga wannan kai zuwa wancan. Ba wadda ya duba da mijinta ko ɗanta bai sha wahalar rufin kamun nan ba. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa gyara ɗaurin ɗankwali. Daga ƙarshe ya tsaya a kan matarsa Fusae, wadda ke zaune kusa da jami'i da kayan bikinta.

"Fusae, taso mana."

Ko motsi ba ta yi ba. Ta ce, "Nawa ai ka cire ka jefar tun ina amarya. Ba ni da sa'a, ka manta?"

Morihei ya zare sabon tawul daga wuyansa, ya ninke, ya ajiye a kan tsani, ya bi ta cikin mutane ya tafi gida. Curin shinkafar dai an watso shi, don an riga an dafa. Na tsinci biyu, na ci ɗaya a wurin, ban taɓa cin mai daɗinsa ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Iwao ya aika birni aka sayo masa gashi a shagon masu gashin kanti, Denkichi ya ce a kawo matar da ta bayar ya gan ta, aka rasa. Iwao ya je gidan Morihei ya durƙusa, Morihei ya ce shi yanzu kabeji yake nomawa. Samarin Indonesiya da aka kawo koyon aiki a jiragen Iwao suka ce su gashi bai dame su ba, a nuna musu inda kifi yake kawai, to wa zai nuna? Sai fenti suka yi ta shafa wa jirgin da bai taɓa tsatsa ba. Kafin ya samo wani jagora daga kudu, wanda bai san ruwanmu ba, garken ya wuce arewa. Tsarin da ya kawo da hannunsa, na a ba kowa gwargwadon abin da ya kama, shi zai zauna ya ci shi a rabon baɗi.

Sai dai ni ma ban yi barci mai daɗi ba. Chinami ta riƙa fita tana dawowa da ƙanƙararta. Jiragen fatsa na kusa da ita suna saukewa, ita ko cizo. In na bi ta kasuwa sai in ga idanu a kan ɗankwalina, wasu har sun fara cewa a ƙasa-ƙasa wataƙila dai Shugaba ya yi gaskiya. Sanyi ya fara shigowa, in kifi ya bi ruwan ɗumi ya tafi, shi ke nan shekara ta uku ta cika, kason Sakuzo ya faɗa hannun Iwao duk da abin da na yi. Tsoro ya kama ni sosai. Ni da ban yarda da gashi ba, sai ga ni durƙushe gaban hoton mijina ina cewa, "Kai da ka ce jirginka bai taɓa dawowa fayau ba, to ga 'yarka can, ka yi wani abu mana."

Ana dab da rufewa, wata rana da la'asar ina jera ganye, na ji mata suna kiran sunana daga bakin tasha. Na fita ko takalmin kirki ban sa ba. Jirgin Sakuzo ne ke shigowa da tsohuwar tutarsa a sama, wadda ta koɗe har ba a karanta rubutunta. Kifin ba wani babba ba ne, ubanta da ya gan shi da ya yi mata tsiya. Amma tuna ce, an soke ta daidai, an sanyaya ta daidai, mai duba nama ya yanki wutsiya ya murza a yatsa ya gyaɗa kai. Aka ɗora a ma'auni, aka rubuta da sunan jirgin. Chinami ta cire hula ta zauna a kan akwatin ƙanƙara, hannuwanta duk sun tsage, ta kasa tashi.

Da aka fasa kifin, ita da kanta ta kawo mini yankan ciki har gida, ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu. "Na mai gashi," ta ce. Na yanki kaɗan na ajiye gaban ubanta, na yanki kaɗan muka ci da shinkafa. Sauran na ɗauko kwalin alewar nan na shimfiɗa ganye na jera a ciki.

Washegari da safe na hau tudu zuwa gidan Nagahora. Shi ya buɗe ƙofa, cikin kayan zaman gida, bai yi aski ba. Daga inda nake tsaye ina hango jiragensa biyu ɗaure a tasha.

Na ce, "Na ji bana ba a ɗanɗana tuna a gidan nan ba. Ga yankan ciki, kamun mace ne, in al'ada ba ta hana ka ci ba."

Ya dubi kwalin ya gane shi. Sannan ya ce, "Tokie, Sakuzo ba zai taɓa yi mini haka ba."

Na ce, "Gaskiyarka. Shi ya sa yake toka a cikin tulu, kai kana tsaye a ƙofar gidanka."

Na ajiye masa a dokin ƙofa na gangaro.

Gashin ya fara tsirowa, fari fat. Sabuwar shekara ta kusa, an ce Iwao yana ta tambayar mutane ko na huce. Duk sanda na shafa na ji ya kai abin da almakashi zai kama, sai in kira Chinami ta zo da aska.